Zama a motar gida lokacin hunturun Kanada, akwai wanda ya taɓa yi?

Bakano_a_Edmonton:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasashen sanyi, musamman Kanada ko arewacin Amurka.

Ina zaune a Edmonton ta lardin Alberta, ina aikin walda a Nisku can kudu da gari kusa da filin jirgi. Ɗakin da nake haya na ƙasan gida ne irin wanda ake sauka da matakala, kuma mai gidan ya ba ni takarda cewa zai ƙara kuɗi, alhali ko a yanzu haya da inshorar mota da mai su ke cinye fiye da rabin abin da nake samu, ga gida ana jiran aike duk wata, ga kuɗin da nake tarawa na takardun iyali don in ɗauko su. To akwai wani abokin aikinmu da zai koma gabas, yana so ya sayar da motar gidansa, irin wadda ake ɗaurawa a bayan a-kori-kura a ja, tsawonta ƙafa 28, da gado da kicin da banɗaki da hita mai amfani da gas, ya ce in ina so zai yi min sauƙi har ya bar ni in biya kashi biyu. Ya kuma ce min wai an ƙera ta ne don kowane irin yanayi har da hunturu.

Lissafin da na yi shi ne in na saya na samu fili a ɗaya daga cikin wuraren da ba sa rufewa da hunturu, in zauna daga Oktoba zuwa Afrilu, zan iya tara abin kirki. Amma gaskiya gabana na faɗuwa, don ina garin nan a Janairun 2024 lokacin da sanyi ya wuce 40 ƙasa da sifili har gwamnati ta turo saƙon gaggawa a wayoyinmu cewa kowa ya rage amfani da wuta kar ta ɗauke gaba ɗaya, a cikin gini nake a lokacin amma sai da na ji a jikina, to ina ga mota.

Abin da nake so in sani, ruwa ba ya daskarewa a bututu? Gas nawa mutum zai ƙona a wata? Ya ake yi da banɗaki, mu da ba ma rabuwa da buta, ga alwala sau biyar ga wanka? Sannan in Allah ya sa takardun maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyu sun fito a tsakiyar hunturu, za su iya zama a ciki ko da na ɗan lokaci ne? Wanda ya sani ya faɗa min gaskiya komai ɗacinta, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Direba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ni na yi wannan zaman da kaina ba labari aka ba ni ba. Lokacin da harkar mai ta buɗe a jihar Dakota ta Arewa a Amurka wajen 2011 zuwa 2014 garin Williston ya cika maƙil, ɗaki ya fi ƙarfin kowa, mu direbobin da ke jan ruwa da yashi zuwa rijiyoyin mai da yawanmu a irin waɗannan motocin muke kwana, har sai da hukumar garin ta hana zama a cikinsu in ba a filin da aka ware ba. Sanyin can da na Alberta ɗan juma ne da ɗan jummai. Zaman yana yiwuwa, mutane sun yi kuma suna yi, amma ka cire wa ranka cewa kuɗin za su taru yadda ka rubuta a takarda.

Maganar wai an yi ta don kowane yanayi kar ka ɗora komai a kanta. Ba wani ma'auni guda da kamfanoni ke bi kafin su manna wannan rubutun, kowa da abin da yake nufi, wani rufin ƙasan motar kawai ya yi ya ce ta hunturu ce. Bangon bai fi kaurin yatsu biyu ba, galibin tagogin gilashi ɗaya ne, daɓen kuma a sama yake kan tayoyi iska na ratsawa ta ƙarƙashi dare da rana. Ka ɗauka kwantenar kasuwa ce aka sa wa gado.

Bari in fara da gas don shi ne mai cin kuɗin. Galibin masu girman taka suna zuwa da tukwane biyu a gaba, in manyan ne kowace kilo 13 da rabi, wato ta ɗan ɗara tukunyar 12.5 da ake girki da ita a gida. Hitar irin wannan motar in tana ci ba tsayawa tana shan sama da rabin kilo a awa ɗaya, ka ga kenan tukunya guda ba za ta cika kwana ɗaya cur ba. A sanyi mai sauƙi tana kamawa tana saki, tukwanen biyu za su iya kai ka mako, amma ranar da aka shiga 30 ƙasa da sifili da ƙyar take hutawa, kwana biyu ko uku ka ga sun ƙare, in kuwa suka ƙare da tsakar dare kana barci kafin asuba bututunka sun kama. Don haka kafin ka biya ko sisi ka tambayi masu filin ko suna yarda kamfanin gas ya kawo maka babban tanki na haya, akwai mai ɗaukar wajen kilo 190, su riƙa zuwa da mota suna cika maka. In suka ce a'a to wannan filin ba na hunturu ba ne ko da ƙofarsa a buɗe take.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, gas ɗin furofen ruwa ne a cikin tukunya, tashi yake ya zama iska sannan ya bi bututu, kuma a wajen 42 ƙasa da sifili yake daina tashi. Tun kafin a kai nan ma ƙarfinsa raguwa yake musamman in tukunyar ƙarama ce ta kuma kusa ƙarewa, sai ka girgiza ka ji da gas a ciki amma hita ta mutu. Kar ka bar tanki ya yi ƙasa sosai a watan Janairu da Fabrairu, sannan akwai bargon lantarki da aka yi musamman don tankin gas, shi ake naɗa masa. Ba a kusanto masa da wuta ko hita, ko da wasa.

Sai siket. Za ka zagaye ƙasan motar kaf da allon soso mai kauri irin na gini, ka liƙe duk wata gaɓa da tef mai ƙarfi, ka tokare da katako kar iska ta kwashe, kuma a yi aikin tun Satumba ko farkon Oktoba kafin ƙasa ta daskare yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Wasu dammunan ciyawa suke jerawa saboda arha, ni kam ban yarda da shi ba, ɓeraye ne za su tare a ciki su hau su ci wayoyi, ga shi tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi komai. In dusar ƙanƙara ta sauka ka tura ta da shebur jikin siket ɗin ita ma tana tare iska, amma bakin da hita ke fitar da hayaƙi kullum ya zama a share yake.

Ga kuma tarkon da ke kama sabbin shiga. Mutum ya ga gas na cinye shi sai ya sayo hitar lantarki biyu ya kashe ta gas, ciki ya yi ɗumi yana jin daɗi, bai san cewa ta gas ɗin ce ke hura ɗumi ta ƙarƙashi inda tankuna da bututu suke ba, ta lantarki iya ɗakin kawai take ɗumamawa. Da safe a buɗe famfo shiru. Ruwa kuwa in ya daskare kumbura yake, ya fasa gwiwar bututu ko injin jan ruwan, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ya narke ya jiƙa maka daɓe. Ka yi amfani da ta lantarki don rage wa ta gas aiki amma kar ka kashe ta.

Ruwan sha ni abin da na fi natsuwa da shi, in cika tankin ciki da rana, in cire tiyo in zazzage shi tas in shigo da shi ciki. Akwai tiyo mai hita a jiki kuma yana aiki, sai dai kan famfon filin da bakin da yake shiga motar nan ne ke fara daskarewa, dole a naɗa musu wayar ɗumi, wato wayar lantarki mai ɗumama bututu, a rufe da soso. Ƙofofin kabad ɗin da bututu ya bi ta ciki a bar su a buɗe da dare, kuma jarka biyu cike da ruwa kar su rabu da cikin ɗakin. An kira ni lodi yanzu, maganar banɗaki sai na dawo don ita ma doguwa ce.

dan_jos01:

Ikon Allah, mu nan Jos in Disamba tayi sai muga kamar mun gama ganin sanyi ashe wasa mukeyi. Amma malam meye na wahalar da kanka da tsadar gas, ka sayi karamin janareta da kasko kasa gawayi ka rufe ko ina ruf ka kwanta abinka mana, haka tsofaffinmu sukeyi tun da can. Allah ya rufa asiri ya kawo iyali lafiya

Anti_Nas_Winnipeg:

Ɗan Jos na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma dan girman Allah ka goge wannan shawarar kar wani ya karanta ya ɗauka. Gawayi a ɗaki rufe kashe mutane yake, a gida ma kowa ya sha jin an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu saboda kasko ko hayaƙin janareta da aka shigar cikin gida saboda ɓarayi. Tsofaffinmu da suke tsira ɗakunansu na da kafofin da iska ke shiga ta fita, motar da aka liƙe ko'ina da tef kuma ba ta da wannan. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta sau sama da 200 a kan iskar da muke buƙata, mutum zai fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya kamar mura ba zazzaɓi, in yana barci kuwa ba ma zai ji komai ba. A Teksas lokacin sanyin Fabrairun 2021 da wuta ta ɗauke, asibitoci cika suka yi da mutanen da suka kunna gawayi ko janareta a gida ko suka zauna a mota a gareji tana kunne, wasu ba su tashi ba.

Bakano ƙanina, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma Winnipeg ba ta bar wa Edmonton komai a sanyi ba, don haka ka saurare ni. In har za ka shiga motar nan, ƙararrawa uku dole su kasance suna aiki, ta hayaƙi da ta kabon monoksaid da ta yoyon gas, ita ta gas ɗin a ƙasa take kusa da daɓe saboda furofen ya fi iska nauyi kwanciya yake. Suna da wa'adi, ka juya bayansu ka ga kwanan wata, motar da ta yi shekaru sau da yawa nata sun daɗe da mutuwa ba wanda ya lura, ka sayi sababbi ba su da tsada. Kar ka taɓa kunna murhun girki ko oben don jin ɗumi. Tagar gaggawa da ke ɗakin kwana ka riƙa gwada buɗe ta don ƙanƙara na kama ta, kuma waɗannan motocin in wuta ta kama su cikin 'yan mintuna suke cinyewa.

Abin da Baba Direba bai kai ga faɗa ba shi ne danshi. Numfashinka da wanka da tafasar ruwa duk tururi ne, balle girkinmu da tukunyar wake ko miyar kuka za ta daɗe a kan wuta, shi kansa gas ɗin murhu in ya ƙone kilo ɗaya yana sakin ruwa sama da lita ɗaya da rabi a cikin ɗaki. Duk wannan bango mai sanyi yake samu ya kwanta, da safe ka ga ƙanƙara a gilashi ta ciki, kayan da ke jikin bangon kabad sun jiƙe, ka ɗaga katifa ka ga ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna. Dole na'urar tsotse danshi, dole ka ɗan buɗe kafar rufi in kana girki ko da kana ganin asarar ɗumi ce, katifa kuma a sa mata abin da zai ɗaga ta iska ta bi ta ƙasa, kuma ba a shanya wanki a ciki.

Maganar iyali kuwa ba zan ɓoye maka ba, a'a. Kai babba ne ka zaɓa da kanka, kuma yini kake a wajen aiki. Ita fa za ta sauko daga jirgi ne daga Kano kai tsaye, ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ba mota ba maƙwabciya, filayen nan galibi a bayan gari suke bas ba ya zuwa, ka tafi aiki tun duhu ka dawo cikin duhu, ita da yarinya 'yar shekara biyu mai yini tana wasa a daɓe inda ya fi ko'ina sanyi. In hita ta mutu da hantsi kana Nisku wayarka na cikin loka ya za ta yi? A sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifili haɗe da iska, fatar da ke buɗe cikin minti 5 zuwa 10 take fara daskarewa, kuma yara sun fi mu saurin rasa ɗumin jiki. Ga kaɗaicin kansa ciwo ne, ina ganin abin da hunturun farko ke yi wa matanmu ko a cikin gida mai kyau. Ka kira 211, layin wayar neman bayani kan taimakon jama'a, ka tambayi taimakon masauki na sababbin zuwa, ka kuma yi magana da jama'a a masallaci, na Al-Rashid da ke garinku tun 1938 yake kuma sun saba da irin wannan, su ne ma ke buɗe wa marasa wurin kwana ƙofa in sanyi ya tsananta.

Dan_Damagaram_Kebek:

Salama alaikum. Hajiya Nas ta gama magana kan iyali ba abin da zan ƙara. Amma a kan shi kaɗai ni ban ga abin tsoro ba in ya shirya, na zauna cikin irin ta a wani wurin aikin gini a nan Kebek har ƙanƙara ta rufe mu, lafiya lau na fito. Abin da nake so ka duba malam shi ne kuran, wato wutar lantarki, don shi mutane ke mantawa a lissafi.

Mota mai girman wannan galibi layin kuran na amp 30 gare ta, wato wat 3,600 ke nan gaba ɗaya. Hitar kuran ɗaya wat 1,500 take ci, biyu sun kwashe 3,000, abin da ya rage ba zai ɗauki butar shayi ba balle na'urar ɗumama abinci, kana kunnawa komai ya ɗauke ka fita waje cikin dare kana neman maɓalli a jikin turke. Ga tiyo mai hita ga wayar ɗumi ga na'urar danshi da Hajiya ta ce, duk a kan layin nan suke. Kuma kar ka jona hita da siririyar wayar jona-jona, zafi take ta narke, gobara da yawa daga nan take tashi. Ka tambayi masu fili ko kuɗin kuran na cikin haya ko mita suke karantawa, da yawa masu karɓar mutane na wata-wata mita suke sa wa, sai ƙarshen wata ka ga abin da ka gudu a gas ya tare ka a nan.

Sannan hitar gas ba gas kaɗai take so ba, fankarta da batir take aiki. In kuran ya ɗauke batir ne kawai zai riƙe ta, kuma a tsananin sanyi batir ɗaya da ƙyar ya kai ka safiya, don sanyi na rage masa ƙarfi, in ya sauka ƙasa sosai ma daskarewa yake ya lalace. Mutanen nan har yau ba su manta da ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 ba da ya kayar da turakun kuran, wasu garuruwa suka yi makonni cikin duhu, shi ya sa duk wanda ka gani a nan yana da shiri na biyu. Ka samu batir biyu masu kyau, in na litiyam ne ka sani ba a cajinsa in sanyi ya kai sifili sai mai hita a jiki ko a ajiye shi ciki. Janareta in za ka saya na ko-ta-kwana ne, a waje can nesa da tagogi, hayaƙinsa na kallon wani gefe. Sola kuma ka manta da ita, a Disamba ranar Edmonton awa bakwai da rabi take yi kuma a ƙasa-ƙasa, ga ƙanƙara a kan farantin.

Akwai maganar adireshi ma. Lasin tuƙi da katin lafiya da banki da takardun shige da fice duk suna son adireshin zama, kai kuma kana tsakiyar neman ɗauko iyali, ka tabbatar filin yana karɓar wasiƙu kuma ya yarda ka rubuta shi a matsayin mazauninka. Inshora ita ma ka faɗa musu gaskiya cewa zama za ka yi a ciki ba yawon hutu ba, don in abu ya faru suka gano ba haka aka rubuta ba za su iya ƙin biya. Ajiye ta a bakin titi ka kwana a ciki kuwa dokar gari ba za ta bar ka ba.

Su 'yan ƙasar masu zama a mota duk shekara ai yawancinsu guje wa sanyin suke, in Oktoba ta yi su ja su nufi tsibirin Vancouver ko garin Osoyoos can yammacin Kanada inda sanyi ke da sauƙi, wasu su tsallaka har Arizona, amma su 'yan fansho ne, kai aikinka na Nisku kuma Amurka sai da biza. Shawarata ka juya lissafin. Ka nemi ɗaki cikin 'yan uwa ku raba haya wata-wata daga yanzu zuwa Afrilu, motar kuma ka shige ta daga Mayu zuwa Satumba lokacin da filaye suke buɗe ko'ina, ba gas ba siket ba fargaba, a nan ne ribar take.

Bakano_a_Edmonton:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Anti na ji kuma na ɗauka, iyali ba za su shiga motar nan da hunturu ba insha Allah, in takardu suka fito gida zan nema ko da ɗaki ɗaya ne. Malam na Damagaram wallahi ban taɓa kawo juya lissafin a raina ba, zan zauna in sake bugawa da kuɗin fili da gas da wuta da siket da batir duka in ga me zai rage. Ɗan Jos kar ka ji komai, amin ga addu'arka. Baba Direba ina jiran maganar banɗaki, sannan ranar Asabar zan je ganin motar, me da me zan duba?

Tsohon_Direba:

Na dawo. Tankunan ƙazanta biyu ne a ƙasa, ɗaya na masai ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. Na masai kullum a rufe yake, ba a barin bawul ɗinsa a buɗe ko da kana jone da magudanar filin, don ruwan zai zurare ya bar tauri ya taru ya daskare, kuma wannan aikin ba mai son yin sa. Ka bari ya kai kashi biyu cikin uku sannan ka sauke gaba ɗaya, ka bi shi da ruwan wanka ya wanke tiyon, ka ɗaga tiyon ya tsiyaye tas ka ajiye. Da rana ake yi lokacin da sanyi ya ɗan sassauta. In bawul ya kama kar ka ja da ƙarfi karyewa yake, a hura masa iska mai ɗumi har ya saki. Butarmu kuwa alheri ce a nan, tankin masai ruwa yake so, matsalar masu amfani da takardar bayan gida ita ce ƙarancin ruwa, kai dai za ka riƙa saukewa akai-akai fiye da su shi ke nan. Bayan kowace saukewa ka zuba maganin hana daskarewa, mai ruwan hoda na motocin gida, ba na injin mota ba don wancan guba ne.

Alwala ba matsala, buta ɗaya ta ruwan ɗumi ta isa. Wanka ne sai da dabara don tukunyar ruwan zafin galibi lita 23 ce, ka jiƙa jiki ka kashe ka sa sabulu ka ɗauraye. Da yawanmu a wurin motsa jiki ko banɗakin filin muke wanka, ya rage cika tanki ya rage danshi.

Ranar Asabar ka tafi da tocila da tsani. Ka hau ka duba rufi, duk inda aka liƙe da gam ka ga ko ya tsage. A ciki ka bi kusurwoyi da gefen tagogi da ƙasan banɗaki kana dannawa da hannu da ƙafa, inda ya lotsa ruwa ya taɓa shiga katako ya ruɓe, irin wannan ko kyauta ce ba ta hunturu ba ce. Ka shinshina cikin kabad. Ka sa ya kunna hita a gabanka ta yi aƙalla rabin awa ka ga tana kamawa tana saki daidai, ka leƙa ƙasa ka ga a rufe yake ko tankuna a fili suke, ka tambaye shi ko suna da hita a jiki. A zuba ruwa a tanki a kunna injin ja a rufe duk famfuna, in injin ya yi shiru ya ci gaba da shiru lafiya, in yana ta kamawa da kansa akwai yoyo a wani wuri. Ka kuma bincika rajista ka tabbatar ba bashin banki a kanta kafin ka ba shi kashin farko. A jikin motar ta gefen hagu can gaba akwai 'yar takarda mai shekarar ƙira da nauyinta, ka ɗauko hotonta ka turo tare da irin motar da kake hawa, in duba ko za ta iya janta ko sai ka ɗauki hayar mai ja.